Bambar Motar Kawu Ilu

Ranar wata Laraba bayan Babbar Sallah, shekarar da na shiga aji huɗu, aka jawo motar Kawu Ilu da igiya har ƙofar shagon Baba a unguwar Mahdiya, cikin garin Sabha. Ina zaune a kan tsohuwar taya da kwanon abincin da na kawo, na ga gaban motar ya lotse kamar gwangwanin da aka taka. Kawu Ilu ƙanen Inna ne, direba mai dakon kaya tsakanin Sabha da Agadas, sarkin surutu, amma ran nan leɓɓansa sun tsattsage, da ƙyar yake magana. Ashe dutse ya daka a gindin tudun rairayi, bambar da ta zo da motar, wato ƙarfen da ke kare gabanta, ta lanƙwashe ta fasa lagireto. Da wata mota ta tsaya jan su, ƙugiyar da aka ɗaura wa igiya ta ɓalle, sai da ruwan shansu ya kusa ƙarewa kafin wani taimakon ya zo. Baba ya zagaya motar, ya ƙwanƙwasa guntun bambar da yatsa, ya ce, "Wannan ai ado ce, Ilu. Zan ƙera maka ta gaske."

Baba mai walda ne, kuma ban taɓa ganin mai nawa a aiki irinsa ba. Ba ya taɓa ƙarfe sai ya gama da kwali. Aikina ne, in an tashi daga makaranta, in bi kantuna ina roƙon kwalayen taliya da na tumatir, har masu kanti suka sa mini suna Uwar Kwali. Zai yanka, ya kara a gaban mota, ya rage, ya sake karawa, har sai bamba ta fito sak da takarda. "Kwali na yafe kuskure, ƙarfe ba ya yafewa," in ji shi. Sannan ya shimfiɗa a kan ƙarfe mai kauri, ya zana da alli, ya yanke. Ragowar kwalin nakan kai gidanmu a unguwar Tayuri, ƙannena su yi motoci da shi, akuyarmu ta bi su ta cinye. Idan ya zo walda, ɗigo yake fara yi, nan ɗaya can ɗaya, don kada zafi ya karkatar da ƙarfen. Ya bar ƙofar iska saitin lagireto, ya ɗaure bambar a jikin shasi da manyan notuna, ƙugiyoyin jan mota guda biyu kuwa ya dasa su daidai inda ƙarfin motar yake. Ya dawo gida idanu jajur, Inna ta ɗora masa jiƙaƙƙen ganyen shayi tana mita.

Mitar ba ta idanu kaɗai ba ce. Baba yana da wata al'ada da duk masu gareji suka san shi da ita. In ya gama bamba, sai a kai motar bayan gari, a tura ta cikin rairayi da gangan har ta kafe, a ɗaura igiya a ƙugiyar, wata a-kori-kura ta fizga. Shi kuma ya hau bayan a-kori-kurar ya zauna, yana fuskantar aikinsa. Kowa ya san in ƙugiya ta ɓalle, wurin nan za ta dosa kamar an harbo ta. Cewa yake wanda bai yarda ya zauna gaban waldarsa ba, bai isa ya tura ɗan wani hamada da ita ba. Ni alfahari nake, ina ba 'yan ajinmu labari har da ƙari. Inna kuwa ranar gwaji ko abinci ba ta iya ci.

Da ranar gwajin motar Kawu ta zo, sai ga Inna ta ɗauko mayafi ta ce za ta. Baba ya ɗauka kallo za ta yi. Aka binne motar har ciki, aka ɗaura igiya, Baba ya hau ya zauna. Kafin direba ya tada inji, Inna ta kama ƙarfen a-kori-kura ta haye, ta zauna kusa da shi ta gyara zaninta.

"Ke, sauka mana!" in ji Baba.

"Malam, ƙanena zai shiga hamada, mijina ya yi waldar. In ta ɓalle, ta ina ba ni ta samu ba? Bismillah, a ja."

Kawu ya roƙa, "Yaya, don Allah," ko kallonsa ba ta yi ba. Baban da ban taɓa ganin ya ji tsoro ba, sai ga shi ya diro, ya ɗauko sifana ya bi notunan nan ɗaya bayan ɗaya, ya durƙusa yana shafa waldar, gumi na ɗiga daga gemunsa. Babu abin gyarawa, shi ma ya sani. Ya koma ya zauna, ya ɗan gitta kafaɗarsa a gabanta. Aka fizga, igiya ta miƙe tana kuka, ni na rufe ido. Da na buɗe, motar Kawu ta fito tana zubar da rairayi, bambar ko gezau. Mutane na kabbara, Baba bai tashi ba. Ina kusa, na ji ya ce da ita a hankali, "Ashe haka kike ji duk ranar gwaji?"

Daga ranar bai sake zama a wurin ba. Buhun rairayi yake ɗorawa, kowa ya matsa nesa, kuma waldarsa ba ta taɓa ba shi kunya ba. Kawu ya yi shekaru yana ratsa hamada da bambar nan, har ya jawo wasu da ita.

Yanzu ina Kano da nawa 'ya'yan, Baba da Inna kuma sun riga mu gidan gaskiya. Bamba a shirye take zuwa cikin leda, a ɗaura kafin shayi ya huce, ba ka san hannun da ya yi ta ba balle ka tambaye shi. Da ina yarinya na ɗauka jarumi ɗaya ne a gidanmu. Sai da na yi aure na gane su biyu ne.