Kazar Ɗorin Tanimu Mai Tayil

Duk wanda ya zauna a unguwar Hashimi ya san Tanimu mai tayil. In ya shigo gidanka gaisuwa, kafin ya tambayi lafiyar iyali ya riga ya gaya maka daɓen ɗakinka ya karkace. Shekara goma sha tara yana bin motar sassafe zuwa Abuja, yana shimfiɗa wa manya tayil a bene hawa biyar, hawa shida, da yamma ya dawo Suleja ya kwanta a ɗakin da simintinsa ya farfashe. Matarsa Tayyiba ta yi magana har ta gaji. Amsar kullum ɗaya ce, a bari ya samu ragowar tayil mai kyau.

A duk shekarun nan ko tuntuɓe bai taɓa yi a wurin aiki ba, kuma ba ya bari a manta da hakan.

Da aiki ya ja baya, sai abokinsa Sylvester mai fenti, mutumin Tafa da ya riga shi tafiya Aljeriya, ya aiko masa cewa can ana neman hannu irin nasa. Ya tafi lokacin 'yarsu Umaima tana aji biyu na firamare. A wata na tara ya faɗi. Ba daga bene ba. Matakala uku ce kacal, wadda shi da kansa ya shimfiɗa wa tayil mai santsi, ya wanke ta fes, sannan ya biyo ta da butar shayi a hannu. Ƙashin ƙaurinsa na hagu ya karye gida biyu. 'Yan layi sun yi wa Tayyiba jaje yadda ya kamata, suka fito waje suka yi dariyarsu.

Asibitin da aka kai shi tsaf yake, har ya yaba wa wanda ya yi musu tayil. Amma ba kowa nasa. A Hashimi in mutum ya karye, tabarma ake shimfiɗawa a zaure, masu dubiya na shiga na fita, wannan da kunu, waccan da farfesu, kowa da maganin da ya warkar da kawunsa. Nan kuwa bango fari, abinci ba yaji, Sylvester ba ya samun zuwa sai bayan an tashi aiki. Larabcin da Tanimu ke taƙama da shi a majalisa ya ƙare a sallama.

Likita ya ɗaga hoton ƙashin, Sylvester na fassara da ɗan abin da ya tsinta. Za a buɗe ƙafar a sa ƙarfe. Sai ya sa hannu a takarda, kuma cikin kwana uku, in ba haka ba ƙashin zai kama a karkace.

Tanimu ya tura takardar gefe. Tun yana yaro ya san abu ɗaya, asibiti yanke ƙafa suke yi, karaya kuwa ta maɗori ce. Baba Lado na Wambai ne ya ɗora masa hannu lokacin da ya faɗo daga mangwaro, ga hannun nan yana cin abinci da shi har yau.

"A sa ni a jirgi kawai," in ji shi.

"Oga Tanimu, da wace ƙafar?" in ji Sylvester. "Likita ya ce ko ƙofar asibiti ba za ta kai ka ba."

Kwana biyu suka wuce takarda na ajiye. A na uku da hantsi Tayyiba ta yafa mayafi, ta ɗauki waya har zauren Baba Lado, ta kira mijinta ta bidiyo.

"Wa nake gani kamar Tanimu?" in ji tsohon, yana kai wayar dab da hancinsa. "An ce matakala uku ce ta kayar da kai."

"Baba, santsi ne."

"Wa ya sa santsin?"

 Tanimu ya ɗaga hoton ƙashin, Baba Lado ya daɗe yana dubawa.

"Ɗan nan, ni ba na ɗora abin da hannuna bai taɓa ba. Ka bari su yi."

"Yankewa za su yi, Baba. Ba wanda ya san ni a nan. In suka sa ni barci, wa zai tsaya a kaina?"

Tsohon ya juya wajen Tayyiba, ya tambaye ta ko akwai kaza a gida. Ta ce akwai wata wake-wake da ba ta fara ƙwai ba. To shi Baba Lado yana da al'adarsa tun ta kakanni. In zai ɗora mutum, sai ya karya ƙafar kaza ta ɓangaren da mutumin ya karye, ya shafe ta da man shanu, ya ɗaure da kara da tsumma. Ranar da kaza ta taka, mai karaya ma ya kusa takawa.

"Su ɗora mutum, ni in ɗora kaza," in ji shi. "In suka yi wasa da aikinsu, kazata za ta tona musu asiri. Sa hannu."

Kafin azahar kaza na kwance cikin kwando da ɗauri a ƙafar hagu. Sai da Tanimu ya gan ta da idonsa sannan ya karɓi biro. Ya farka washegari bayan an yi masa aikin, ya ɗaga bargo, ya ƙirga yatsu biyar, ya sake ƙirgawa.

Daga nan kullum bayan la'asar sai ya kira.

"Nuna min ita."

"Baban Umaima, ni ba za a tambayi lafiyata ba?"

"Ke ai da ƙafafunki biyu."

Sai ta juya wayar. Amma ba kazar yake kallo ba, Tayyiba ta gane haka tun a satin farko. Idonsa na bayan kwandon, kan randar da ke gindin bango, da igiyar shanya da kayan makarantar Umaima a kai, da tsagar simintin nan da ya yi shekaru yana tsallakewa. Wata rana ya ce ta jingina wayar da turmi ta ci gaba da aikinta. Ya kwanta yana jin ƙarar tsintsiya, da mai tallar awara, da lasifikar masallacin layi da ke shaƙewa a tsakiyar kiran salla. Da ma shi ne mai yawan mitar a canza lasifikar nan. Ranar har aka idar bai ce komai ba.

A kwana na ashirin da uku kaza ta fito daga kwando ta bi tsaba. Tanimu ya ji haushi ƙwarai, wai kaza ta riga shi. Ya sa aka kawo masa sandunan da ya ƙi taɓawa tun da aka ba shi, ya taka daga gado zuwa taga yana zufa, Sylvester na ɗaukarsa a waya. Baba Lado ya kalla ya ce aikinsu ba laifi. Ya ce kuma kada a yanka kazar sai ranar da mai ita ya shigo gida da ƙafarsa, a yi masa farfesu.

Yau shekara biyu ke nan. Tanimu ya koma aiki, yana ɗan ɗingishi in an yi sanyi, kazar ma haka. Ta yi ƙyanƙyasa sau uku. Salla ta zo ta wuce, baƙi sun zo sun tafi, Tayyiba ba ta bari ko an nuna ta da wuƙa ba. Umaima ta shiga aji biyar. Shi kuma dawowarsa kullum wata mai zuwa ne, in an gama wannan ginin.

Ranar Juma'ar da ta wuce ya kira kamar yadda ya saba.

"Ta tsufa fa, Baban Umaima," in ji Tayyiba. "Namanta zai yi tauri."

"Ko ya yi kamar taya zan ci. A bar min ita."

Ta yi dariya, shi bai yi ba. Ya ce ta ɗan sunkuyar da wayar ya ga ƙofar ɗaki. Ya daɗe yana kallon fasasshen simintin, leɓensa na motsi, yana auna tayil nawa zai ci. Kazar ta ɗingiso ta tsaya a kan tsagar, ta tare masa wurin.