Darasin Kiran Suna

Ni ce 'yar fari a ɗakinmu, kuma duk wanda ya tashi a Adar ya san abin da hakan ke nufi. Uwata ba ta kiran sunana. Ana yaye ni aka miƙa ni ga kakata, a wurinta na girma, katanga ɗaya ce tsakaninmu da ɗakin uwata. Kakata nake ce wa Inna. Uwata kuwa Yaya nake ce mata, yadda na ji ƙannenta suna faɗi. In tana nemana sai ta ce wa ƙanwata, "Tahi ki ce ma ɗiyar tsohuwa ta zo." In ta gasa masara sai ta aiko da ita ta kan katanga, ta ce ta tsohuwa ce, alhali tsohuwa ba ta da haƙori ko ɗaya a bakinta.

Ba wanda ya taɓa ganin laifinta. Yabonta ma ake yi, ana cewa ga mace mai kunya. Ni ma da bakina na sha yabonta, har na yi aure, na haihu, na kama aiki a asibitin Buza, furfura ta fara leƙo mini ta gefen kallabi. Amma abin yana mini ciwo. Ina ji tana ƙwala wa ƙannena kira da sunayensu, har da zagi a kai, ni kuwa ko zagin ban samu ba. Kakata ta rasu da daɗewa, duk da haka ina nan a ɗiyar tsohuwa.

Bayan wata damina da ƙoramu suka yi mana ɓarna, aka zaɓe mu daga asibitocin Buza da Keita da Madawa, aka tara mu a Madawa don a koya mana aikin agajin gaggawa, mu kuma mu je mu koyar a ƙauyuka. Malaminmu tsohon sojan kashe gobara ne, gajere, mai murya kamar ana jan turmi a ƙasa. Ya koya mana yadda ake fitar da mutane daga bakin ruwa, da tsayar da jini, da ɗaure karaya, da ɗaukar mutum ba tare da an ƙara masa ciwo ba. Sai dai duk inda ya zaga sai ya dawo kan abu ɗaya. In ka iske mutum a kwance ba ya motsi, ka fara duba ko abin da ya kayar da shi zai kayar da kai, sannan ka durƙusa, ka dafa kafaɗarsa, ka kira shi da ƙarfi.

"Mu cikin birni ba mu san mutane ba, Mushe da Madam na Faransanci muka ce musu," in ji shi. "Ku kau ƙauye za ku, kowa ya san kowa. Ku kira mutum da sunanshi na yanka. Na ga wanda bai ji jiniyar mota ba, amma da anka kira sunanshi yab buɗe ido."

A kan mutum-mutumin roba muka yi ta gwadawa, har muka raɗa masa suna don mu sami abin kira. Ban kawo komai a raina ba a lokacin, dariya kawai muke sha.

Da aka raba mu, sai ƙauyukan Deule suka faɗo a kaina, har da namu. Ƙarshen rani ne, zafi ya kai inda ya kai. Maza duk sun tafi cin rani, kuma ruwan farko ba ya jiran su dawo, saboda haka mata za a koya wa. Na shimfiɗa tabarmi a gindin itacen bedin da ke bakin lokol, wato makarantar boko, na jera bandeji da usur, na ɗaga kai don in ga waɗanda suka zo. Can baya, a kan 'yar kujerarta da ta ɗauko daga gida, sai ga uwata. Ta kau da fuska tana kallon awakin mutane, kamar su ta zo gani.

Na san abin da ya kawo ta. A waccan damina ruwa ya cinye gindin katangar ƙawarta, wadda suke zuwa rijiya tare tun suna amare, katangar ta faɗo mata. Mata suka janye ta, suka kewaye ta suna salati, wata na ɗura mata ruwa a baki, wata na girgiza ta. Kafin a samo amalanke ta cika. Ƙanwata ta ce mini tun daga ranar uwarmu ba ta ƙara bi ta wannan lungu ba. Da aka yi shelar horon, aka ce mata ta tsufa, sai ta ce, "Na zamna sau guda hannuna bisa cinya ina kallo. Ban ƙarawa."

Matsala ta farko barankar ce, wato gadon ɗaukar mai rauni. Ina buɗe ta mata suka ja baya, wata ta ce a'uzubillahi. Da makara ta yi musu kama. Mutum-mutumin roba kuwa ɗaya ne, yana Madawa. Na nemi wadda za ta kwanta ta yi kamar ta suma, kowa ta sunkuyar da kai. Taubashiyata, 'yar kawuna, wadda tun muna yara ba ta bar ni na sha ruwa lafiya ba, ita ta faɗi abin da ke ransu.

"Ke da anka biya ki, ke za ki kwanta. Mu ba mu kiran mugun abu da ranar Allah."

Raina ya ɓaci, don ni ba ni da dogon haƙuri. Na cire takalmi, na ɗaure zane da kyau, na miƙe a kan tabarma na rufe ido. Na ce to, ga ni, katanga ta faɗo mini, a zo a cece ni.

Haka muka yi ta yi. Ɗaya bayan ɗaya suna zuwa, su dafa kafaɗata, su kira sunana, su kara kunci kusa da hancina su ji ko ina numfashi, su juya ni a kan gefe, su aika a kira taimako. Ban taɓa jin sunana da yawa haka ba. Wata ta kira shi da raɗa kamar mai neman rance, na ce ta sake. Taubashiyata ta kurma shi a kunnena har sai da na zabura, ta ce ai ga shi ta tayar da matacciya, a ba ta takardarta ta tafi. Kafin a jima tsoron ya sake su, suka fara kwantawa da kansu, har ana rigimar wadda za a ɗauka a barankar.

Uwata ta koyi komai. Ɗaurin bandejinta ba ya kwancewa, kuma ita ta fara gane cewa ba a ba wanda ya suma ruwa. Ranar da na faɗi haka ta daɗe tana murza bakin zanenta. In tana da tambaya sai ta juya ga ta kusa da ita ta ce, "Tambayi madam ɗin ga, in jinin bai tsaya ba fa?" Ni kuma in amsa wa ta kusa da ita. Amma duk lokacin da na kwanta aka zo kanta, sai ta tuna ta bar tukunya a wuta.

Ranar ƙarshe malaminmu ya zo daga Madawa don ya ga abin da muka yi, ya raba wa waɗanda suka iya riguna masu ƙyalli. Sharaɗinsa kowace mace ta yi aikin daga farko har ƙarshe a gabansa. Ƙanwata, wadda ita uwarmu take ce wa Inna, ta ja ni bayan aji.

"In an zo ga Inna, bari ni in kwanta. Kin san ba ta iyawa da ke."

Gaskiya ta faɗa, kuma da na yarda ba wanda zai ce komai. Na ce mata a'a, ni malam ya sani a kan tabarma. Wannan dalilin baki ne. Dalilin zuciya shi ne ina so in ji, ko sau ɗaya, kafin ɗayanmu ta bar duniya. Na kai shekarun da uwata take da su lokacin da ta aurar da ni, amma a wannan rana yarinya ce ni, mai leƙe ta kan katanga.

Ita ce ta ƙarshe. Na kwanta na rufe ido. Na ji takunta a kan yashi, a hankali, saboda gwiwarta. Ta zagaya ni yadda aka koya mata, ta ce ba abin da zai faɗo. Ta durƙusa. Ƙanshin hayaƙi da man shanu ya iso mini, sannan hannunta ya sauka a kafaɗata. Tun da na yi wayo ban san nauyin hannun nan ba.

"Ke," ta ce. "Kina jiya ta?"

Ban motsa ba.

"Ke ɗiyar tsohuwa."

Wani wuri a baya aka yi 'yar dariya. Malam ya ce, cikin ladabi, "Inna, da sunanta." Bai san ko wace ce ita a wurina ba, kuma ba wadda ta gaya masa.

"Madam," in ji uwata. "Tashi hakanan, rana ta yi."

Na ci gaba da kwanciyata. Taurin kai a wurinta na gado shi, ba a wurin tsohuwa ba. Na saki jikina gaba ɗaya, na rage numfashi yadda na iya. Ƙuda ya sauka a leɓena, ban kore shi ba. Sai na ji yatsun hannun da ke kafaɗata sun damƙe ni da ƙarfi, ba irin damƙar darasi ba. Na gane ba ni kaɗai take gani a kan tabarmar ba, har da ƙawarta a gindin katanga. Tausayinta ya kama ni, na yi niyyar buɗe ido in ce ya isa.

Kafin in buɗe, ta sunkuyo har bakinta ya taɓa kunnena, ta kira sunana.

Ba da ƙarfi ba, ban jin ko malam ya ji. Ta sake kira, ta ƙara da cewa, "Ni ce. Buɗe ido, ina nan." Na buɗe. Fuskarta na dab da tawa, ta jiƙe da zufa, kuma karon farko ba ta kau da ido ba. Hawaye suka gangaro mini zuwa cikin kunne. Ita kuwa sai ta tuna da sauran aikin, ta kara kuncinta a hancina, ta lanƙwasa mini gwiwa, ta juya ni a kan gefe, ta gyara mini zane, ta nuna taubashiyata da yatsa ta ce ta ruga ta kira taimako. Taubashiyata ta tashi ta ruga.

Malam ya ce kiran ya yi ƙasa, amma tun da mai rauni ta amsa, ya karɓa. Ya miƙa mata riga. Ta sa ta a kan mayafinta, ta yi mata yawa, mata suka yi guɗa.

Da la'asar na shiga gida in yi sallama kafin mota ta tashi. Na iske ta tana tankaɗe, rigar na rataye a ƙofar ɗaki inda kowa zai gani. Ta koma yadda take, ido a kan rariya. Na durƙusa daga gefe. Akwai abin da ke cin raina tun a kan tabarma. Na ɗauka in sunan ya fito daga bakinta zai fito da ƙyar, kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba. Amma ya fito sumul, har da wani ɗan ja a ƙarshensa da ban taɓa ji a bakin kowa ba.

Na ce, "Yaya, ashe kin iya shi."

Ta ci gaba da tankaɗe. Na ɗauka ba za ta amsa ba, har na dafa ƙasa zan tashi.

"Wa yac ce maki ban kiran shi?" ta ce, ba ta dube ni ba. "Kullum da asuba in na sallame, ɗiyana duka nika kira ma Allah, guda guda. Da naki nika farawa. Shi ba a yi mai kumya."

Ta kakkaɓe rariya, ta ɗaga murya ta kira ƙanwata da sunanta. "Ɗauko ƙullin waken ga, ki kai ma ɗiyar tsohuwa ga mota."

Ban bari ƙanwata ta ɗauka ba. Ni na rungume shi har Buza, a kan cinyata.