Malamin Dabbobi Mai Tsoron Ƙaho

Duk Kalgo ba wanda bai san Malam Istifanus ba, malamin dabbobin nan da ke tsoron shanu. E, kun ji daidai. Ni ne direban ofishinsu, ni na ɗauko shi daga tasha ranar da aka turo shi daga Zuru, saboda haka ba labari aka ba ni ba.

Yana yaro wani bijimin huɗa ya ɗaga shi ya maka da ƙasa a gonar babansa. Tun daga nan ko kukan saniya ya ji sai ya sake hanya. Da ya girma kuma, cikin duk karatun duniya, sai ya samu gurbin karatun dabbobi. Ikon Allah!

Kaji dai sun ga gata. Amma in ana rigakafi a ruga, Malam can zai laɓe jikin mota yana ba da umarni kamar gwamna, makiyaya na ta ƙyaƙyata dariya. Ranar Lahadi kuwa shi ke jan waƙa a coci, murya har bakin titi, wai shi ba ya tsoron komai. Mu dai muna ji.

Bayan girbi muka je Wurogauri yi wa kaji allura. Sai ga wata tsohuwa, Inna Mubaraka, ta taho a guje ba ko takalmi. Saniyarta ta ci gyauron dawa, ciki ya kumbura tim, numfashi na neman ɗaukewa. Ita kaɗai gare ta, da nononta take ciyar da marayun jikokinta. Wani maƙwabci har ya fara wasa wuƙa, wai kada ta yi mushe.

"Ɗana, kai ne likita," in ji Inna.

Muka bi ta, likita kuwa ya tsaya can nesa da saniyar. Maganin abin a huda cikin ta gefen hagu da wani ƙarfe mai tsini iska ta fita, kuma dole ka manne da ita, ga ta tana wurga ƙaho. Na ce a raina, yau za mu ga jarumin Lahadi.

Ya cire hula, ya runtse ido. "Ya Yesu, ka san ni, ba sai na yi maka ƙarya ba. Taho mu je."

Ya taka. Wallahi ya taka! Ƙaho ya yage masa riga bai ja da baya ba, ya lalubi gurbin ya soka ƙarfen. Iska ta taso da wani irin wari da ya kori kowa sai shi. Can saniya ta yi ajiyar zuciya ta natsu. Maƙwabci ya mai da wuƙa kube yana ɓata rai, nama ya kuɓuce.

Sai da muka hau hanya na ce, "Malam, tsoro ya tafi ke nan?"

Ya dubi yagaggiyar rigarsa.

"Ya tafi ina, Mamman? Yana nan daram. Na dai ba Yesu ya riƙe mini ne in gama aiki."