Yayyafin da Na Yi wa Jirgin Sama

Yayana direban bas ne. Ya daɗe yana jigila tsakanin Gwandu da Birnin Kebbi, har ƙafafunsa suka fara kumbura, likita ya hana shi tuƙi. Sai na ɗauko shi ya dawo wurina a Kalgo, don mun fi kusa da asibiti. Mutumin da ya saba da sitiyari, ga shi zaune kan tabarma daga safe har yamma. Wayar da ɗansa ya saya masa ita ta zama abokiyar hirarsa, a cikinta kuma ya gamu da ƙananan jiragen sama.

'Yan ƙanana ne masu ɗaukar mutum ɗaya ko biyu, tayoyinsu masu kauri, masu su na hawa don nishaɗi kawai. Za ka ga jirgi ya taho a hankali kamar zai tsaya a iska, ya ɗaga hanci, ya dira a bakin rafi, ya ɗan gangara ya tsaya cak. Tashi ma haka, kafin ka gyara zama ya bar ƙasa.

"Zo ka gani," in ji shi. "Wanga ko a masussukarmu sai ya sauka."

"Yaya, bas ɗinka ma ba ta tsayawa cikin masussukarmu."

"Bas ɗina ba ta da birki, kai kuma ba ka da kai. Sauƙin nauyi ne, da fuskantar iska. In iska na bugun hancinsa, ita ka riƙe shi."

A shekarar ce tsuntsayen jan-baki suka yi wa shinkafar rani taron dangi, aka ce za a turo jirgin feshi. Da Yaya ya ji ƙarami ne, sai ya ƙwallafa rai. Ya ce matuƙi direba ne kamarsa, kuma duk direban da ya ga wurin tsayawa mai kyau sai ya tsaya ya miƙe ƙafa. Burinsa ya ga jirgi ya sauka a gonar mahaifinmu, ya dafa shi da hannunsa. Na san jirgin feshi daban, na wayarsa daban. Amma na ji abin da likita ya gaya mini a bayan ƙofa, saboda haka ban yi musu ba.

Akwai wani tsirin fili a gefen fadamarmu, ta hanyar Diggi, inda muke sussuka. Na nome shi tas, na tumɓuke gindin kara, na fasa suri, na cike ramukan kofaton shanu. Na kafa gora na ɗaura mata tsohon rawani, kamar yadda Yaya ya ce, don matuƙi ya ga inda iska ta nufa. Maƙwabtan gona suna wucewa suna cewa, "Sannu da aiki, mai filin jirgi. Ka ajiye mana kujera ta gaba." Na riƙa amsawa da "Allah ya kai mu."

Ranar da aka ce jirgin zai bi ta wajenmu, na kai Yaya a Keke Napep bayan azahar, na shimfiɗa masa tabarma a inuwar giginya. Na tsaya na dubi filin, sai na ga abu ɗaya ya rage. A gidanmu ba a taɓa tarbar babban baƙo ba sai an share ƙofar gida an yi yayyafi, don kada ƙura ta taɓa masa riga. Ina baƙon da ya kai wannan? Da na ga bokiti ba zai ishi filin ba, sai na tada injin ban-ruwa, na ja tiyo daga wannan kai zuwa wancan. Ƙasar fadama ce, laka zalla. Ta sha, ta yi baƙi tana sheƙi, ni kuwa ina ta jin daɗin kyan da ta yi.

Yaya ya ɗan yi gyangyaɗi. Ƙarar jirgin ce ta tashe shi. Ya dubi sama, ya dubi ƙasa.

"Mi ka yi wa filin?"

"Yayyafi."

"Jirgi za ka saukar ko shinkafa za ka dasa?"

Sai ga jirgin ya ɓullo ta kan itatuwa, ƙasa-ƙasa. Na tuɓe babbar rigata, na ruga tsakiyar fili ina kaɗa ta. Ƙafata ta dama ta yi gabas, ta hagu ta yi yamma. Na zube rigingine, na kuma ci gaba da tafiya a haka, har sai da gorar rawani ta tare ni, ta faɗo a kaina.

Daga kwance na ga cikin jirgin ya wuce ta samana. Ya je ya kewayo, ya karkata fiffike ɗaya, ina jin don ya ƙara kallon mahaukaci, sannan ya nufi inda aka aike shi.

Na tashi jikina duk laka, ina jin kunyar haɗa ido da Yaya. Na hana shi abin da ya roƙa, ko da ma can ba mai samuwa ba ne. Sai na tarar yana dariya, irin wadda rabona da jinta tun yana tasha, har hawaye, har tari ya sarƙe shi na ba shi ruwa.

"Ka gani ko?" ya ce da ya samu numfashi. "Kai da ba ka da birki, ga inda ka fara, ga inda ka tsaya, ko rabin fili ba ka ci ba. Ina ga jirgi? Na hwaɗa maka yana isa."

"To Yaya, amma bai sauka ba."

"Na ga sauka. Zo nan."

Na matsa. Ya dafa kafaɗata mai laka, ya ɗan bubbuga ta kamar yadda yake yi wa bas in ta kawo shi gida lafiya.

Bai ga girbin shinkafar ba. Allah ya jiƙansa. Masussukar tana nan, maƙwabta har yau filin jirgi suke ce mata. Ina share ta duk rani, amma ban sake yi mata yayyafi ba.