Mai Neman Tulu Mai Yoyo

A kasuwar Goronyo kowa na ƙwanƙwasa tulu ya ji ko lafiyayye ne. Tsohuwar nan kuwa, doguwa, mai shuɗin zane da ya koɗe, mai yoyo take nema. Tana shafa gindin tulunan da aka cika don gwaji, tana duba tafinta ko ya jiƙe.

Mai tukwane ya ce, "Goggo, mi za ki yi da mai yoyo?"

"Bizne shi za ni yi cikin bokitin lallen ɗiyata, shi riƙa ba saiwa ruwa kaɗan-kaɗan. Ita tad dasa shi. Mutanen daji masu bindiga sun ce mu tashi, mota kuwa ba ta ɗaukar bokiti. Ɗaki za ni kulle shi."

Ba ta faɗi inda ɗiyar take ba. Ni da nake tsaye a gefe, ina dai ganin munduwar yarinya ɗaure a bakin zanenta.

Mai tukwanen ya miƙa mata wani, ya ce ruwansa zai kai sati.

Ta daɗe tana leƙa cikinsa.

"Ɗana, babu wanda yaf fi wanga girma?"