Injin Wanki da Gwiwar Baba

Surukina, mahaifin maigidana, ya daina zuwa masallaci a daminar farko da muka ɗauko shi daga Rogo ya dawo gidanmu na Karaye da zama. Ya ce gwiwa ce ta hana shi. Wannan fa mutum ne da tun ina amarya nake jin labarin ba a riga shi sahun gaba. Maigidana direba ne, kullum yana hanyar Kano daga asuba sai bayan isha'i, don haka ya yarda, ya dinga sayo man zafi kwalba-kwalba yana jerewa a tagar Baba. Ni kam ban yarda ba. Ina kallon tsohon nan zai tsuguna gindin zogale ya cire ciyawa, ya miƙe tsaf ba ko "wash".

Gaskiyar ta fito ne wata Asabar da na shiga share masa ɗaki yana zaure. Tsintsiya ta taɓo wani buhu a ƙarƙashin gado. Wanduna ne guda huɗu, a jiƙe, an yi musu rabin wanki, suna tashin zarni da warin rima. Na tsaya riƙe da tsintsiya. Ashe tsufa ne ya kawo masa lalurar fitsari. Yana wanke su da kansa a bayi da ruwan buta, da hannayen nan nasa masu rawa, kuma ba zai shanya a igiyar tsakar gida ba tunda zan gani. Sai ya rataye su a ƙusa cikin ɗaki, damina kuwa ta hana su bushewa. Baba ya yi karatun littattafai, ya san an yi wa mai lalura rangwame. Amma ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da mutane yana tsoron su ji wani abu a jikinsa, wannan ba zai iya ba.

Na mayar da buhun yadda na same shi, na fito na shiga madafa na yi kukana. Da mahaifina ne, da na kwashe kayan na wanke, ya yi faɗansa ya gama. Amma suruki? Mutumin da ko sunansa ban taɓa faɗa ba, ban taɓa cin abinci a gabansa ba? In ya san na gani, wallahi a ranar zai sa a mayar da shi Rogo, inda ba kowa a gidan sai ƙadangaru.

Dabarar ta zo mini a wani gidan suna a Kano. Na ga matar gidan ta ɗaga murfin wani inji daga sama, ta watsa kaya, ta rufe, ta yi tafiyarta. Sauran mata suna ta yaba farin da kayan suka yi. Ni murfin nake kallo. Mutum zai jefa abinsa a tsaye, ya rufe, ba wanda ya san me ke ciki. A gefensa kuma ga wani na busarwa. Da na dawo na sayar da ragunan da nake kiwo, na ce da maigidan ya sayo mini duka biyun. Ya ce, "Har da na busarwa, a garin da rana ke gasa mutum?" Na ce, "Ka leƙa waje ka nuna mini ranar." Daga nan na gaya masa abin da na gani. Washegari ya taho da su a saman motarsa, an lulluɓe da tamfol.

Unguwa ta samu abin yi. Wai ni malamar firamare na ƙoshi, hannuna ya fi ƙarfin sabulu. Wata ƙawata 'yar garin Turawa ta ce saura injin tauna tuwo. Ni da ba a taɓa ni in yi shiru, sai ga ni ina haɗiye magana ina murmushin dole, don in na kare kaina na tona asirin Baba.

Maigidan ya so a ajiye su kusa da madafa. Na kafe sai a rumfar da ke tsakanin ɗakin Baba da bayi, inda ba a hangowa daga ƙofata. Ranar farko da na kunna, injin ya yi wankinsa lafiya lau, da ya zo matsa sai ya kama rawa. Kai, rawa ta gaske! Yana girgiza yana tafiya, ya nufi rariya gadan-gadan, kaji suka watse, ni kuma na rungume shi ina salati. Daɓen tsakar gidanmu an yi shi da gangara don ruwan sama ya fita, ba wanda ya tuna da haka. Na ɗora faranti da ruwa a kan murfin, na durƙusa ina murɗa ƙafafun ɗaya bayan ɗaya har ruwan ya tsaya daidai. Ruwan tankinmu kuma ba shi da ƙarfi, sai na koma zuba masa da bokiti ta sama. Na busarwar shi ma ya ci nasa rabon: na sa shi a zafi na ƙarshe, rigar maigidan ta fito ba ta kai masa cibiya ba. Na koyi rage zafin, na kuma gane cewa janaretanmu ba ya ɗaukar su biyun a tare.

Da komai ya daidaita, na je ƙofar Baba na durƙusa.

"Baba, kun wuni lafiya? Ya gwiwar?"

"Da sauƙi, 'yar nan."

"Dama injin nan ne, in kaya suka yi masa kaɗan sai ya dinga rawa. In kuna da abin wanki, ku taimaka ku jefa a ciki ku rufe. Ni maɓalli kawai zan danna."

Ya ce to. Kwana uku ina leƙawa, hula ɗaya kawai na samu. A rana ta huɗu ya kira ni, yana zaune a kan buzu yana jan carbi, idonsa a ƙasa.

"Tambaya gare ni, ba don kaina ba. Ruwan da ke gusar da najasa shi ne wanda launinsa da ƙamshinsa da ɗanɗanonsa ba su sauya ba. To wannan naki, na ga ruwa ɗaya yake juyawa da kumfa a wuri guda. Ina tsarkin yake?"

Bakina da sauri. Na ce ai yana zubar da na farko ya ɗauraye da sabo, su zo su gani da idonsu. Na yi wanki a gabansa, da ruwan ƙarshe ya fara fita ta tiyo na tara farin kwano na miƙa masa da alfahari. Sai da ya karɓa na kalli abin da na tara. Kumfa ce a sama, ruwan ya yi shuɗi-shuɗi, ƙamshin sabulu har inda nake tsaye. Baba ya duba, ya ajiye kwanon a hankali, ya ce, "Allah ya yi albarka," ya koma ɗaki. Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige. Washegari Juma'a, ina jin ladan, ina jin Baba yana tayar da azahar shi kaɗai a ɗaki.

Haushi ya hana ni sakat. Na zaro takardar bayanin da na cusa a ƙasan akwati, na sa tabarau, na bi ta layi-layi kamar mai shirin jarrabawa. Laifin nawa ne tun daga tushe. Garin sabulu nake zubawa da tafin hannu yadda na saba a baho, cikin hannu uku, in bi da shuɗi, in ƙara da ruwan ƙamshi. Abin da injin ke so bai kai rabin ludayi ba. Sannan maigidan, don kada kaji su tsattsage tiyon, ya rataye bakinsa a ƙusa can sama. Irin namu kuwa ba ya tura ruwa sama, sai an kwantar da tiyon a ƙasa, don haka kullum akwai guntun ruwan wanki da ke maƙalewa a gindi yana gauraya da sabo. Ga kuma maɓallin ƙara ɗauraya, yana nan yana kallona tun ranar farko ban taɓa shi ba.

Mako guda na yi ina gwaji da kayan yara da zannuwana. Na sauke tiyon na zura shi cikin guntun bututu har bakin rariya, kaji suka rasa abin yi. Na tsara wa kaina hanya: a fara da ruwa zalla a zubar, sai sabulu ɗan kaɗan, sai ɗauraya uku. Kowane ƙarshen wanki in tara kwano, in ɗaga shi a haske, in sansana, in ɗanɗana. Ƙawata 'yar Turawa ta shigo ta same ni ina kurɓar ruwan wanki, ta riƙe haɓa ta ce, "Shi ke nan, inji ya taɓa mata kai." Na ce, "Eh, ya taɓa. Matsa mini daga haske."

Ranar Alhamis da la'asar na sake zuwa ƙofar Baba. Wannan karon ban cika baki ba, na ce dai in ba su gaji ba su sake duba mini. Ya fito ya zauna a kujera, ya ga an fara da ruwa zalla, ya ga ya fita duka, ya ƙirga ɗaurayar da yatsunsa. Da ta ukun ta zo na tara kwanon na miƙa masa. Ya ɗaga ya karkata shi, ana ganin zanen furen da ke gindin kwanon. Ya kai hanci. Ya tsoma yatsa ya ɗora a harshe, ya ɗan jima.

"Wannan ruwa ne," in ji shi.

Na so in rangaɗa guɗa, na danne. Sai ya ƙara da cewa, "To wa ke fitar da kayan in ya gama?" Dama na shirya wa wannan. Na riga na ɗiga jan farce a kan maɓallan da ake dannawa, ɗigo ɗaya a na farko, biyu a na biyu, uku a na injin busarwa. Na nuna masa ina cewa saboda yara ne, kada su ɓata mini saiti. Ya bi ɗigon da ido sau biyu.

Juma'a ta waye da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Na cika tanki da bokitai, na jera su kusa da injin, na auna sabulu a murfin kwalba na ajiye, na tayar da janareta. Sannan na ɗaga murya na ce zan shiga maƙwabta barka, zan daɗe. Ba wadda ta haihu. Zama na yi a ɗakin maƙwabciyata, tana ta ba ni labarin rikicin danginta, ni kuwa kunnena yana kan katanga. Na san muryar janaretan nan kamar kukan ɗana. Can sai na ji ta ɗan sauya, an kunna na wanki. Na ce, "Alhamdu lillahi!" Matar ta tsaya tana kallona, don daidai lokacin take faɗin yadda aka sace mata akuya. Da aka daɗe sai na ji ya yi nishin nan mai nauyi da yake yi in na busarwa ya kama. Ban san sanda hawaye suka zubo mini ba.

Na koma gida ana kiran farko, ruwan ya tsagaita. Ga Baba a bakin zaure, farar riga da wando tas, rawani a naɗe, lema a hannu ɗaya, sanda a ɗayan. Na raɓe na durƙusa ya wuce, ɗumin injin bai gama barin rigar ba, na ji shi a fuskata. Na leƙa ta zaure ina kallonsa yana tsallake kwatami, dattawan layinmu suna tasowa ɗaya bayan ɗaya suna miƙa masa hannu. A zuciyata na ce duk mai sauran magana a kan injina ya zo yanzu ya same ni.

Da ya dawo na kai masa fura, na durƙusa a inda na saba.

"Sannunku da dawowa, Baba. An sauko lafiya?"

"Lafiya ƙalau." Ya juya ludayi a cikin kwanon, bai ɗago ba. "Ki gaya wa mijinki ya daina sayo man nan. Gwiwar ta warke."

Na ce, "Allah ya ƙara sauƙi, Baba."

"Amin, 'yata," in ji shi. Tunda na shigo gidan, ranar ce ya fara kira na haka.