Ƙafar Hagu a Kan Birki

Yayana ya fi shekara ashirin yana jan motar shanu, kuma ban taɓa jin an ce saniya ta faɗi a bayan motarsa ba. Gidanmu na mahauta ne a Talata Mafara. Ni kaɗai na kauce na zama malamin makaranta a Bakura, abin da har gobe ake yi mini gori da shi in an ga yadda nake riƙe wuƙa ranar layya. Yaya bai yi nisa ba, daga fawa ya koma sitiyari, yana kwaso dabbobi daga kasuwannin Maradun da Janbako. Fatake suna rububinsa saboda abu ɗaya, wato yadda yake tayar da mota. Shanu a tsaye suke tafiya, in ka saki kuloci da gaggawa sai su zube a kan juna, ƙahon wannan ya shiga cikin wancan. Yaya yakan ɗaga ƙafarsa ta hagu a hankali har ka ƙosa, sai ka leƙa waje ka ga ashe tuni bishiyoyi suka fara wucewa.

Wannan ƙafar ce ta mutu wata safiya yana alwala. Likita ya ce hawan jini ne ya taɓa masa ɓarin hagu, amma abin ya zo da sauƙi. Wata takwas muna kai shi gashin ƙashi a asibiti. Hannu ya dawo, ƙafa ta dawo, har yana takawa zuwa masallaci ba mai riƙe shi. Ma'aikaciyar gashin ta ce za a iya gwada tuƙi sannu a hankali. Yaya ya yi mata godiya, ya dawo gida ya shimfiɗa tabarma a ƙofar zaure, ya bar motar a hannun wani direba. Ko gefenta ba ya bi.

Na yi lallashi, na yi faɗa. Haushi nake ji ƙwarai, domin ina kallon mutumin da ya koya mini keke yana tsufa da gangan. Ran nan na zauna na jero masa hujjoji ɗaya bayan ɗaya, ya bari sai da na gama.

"Malam, ajinka na Bakura, ba nan ba," in ji shi. "Ƙahwag ga ta ci amanata sau guda ina zamne bisa kujera. In ta sake ina bisa gangara da shanu sha biyu bayana hwa?"

Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu.

Da Babbar Sallah taubashinmu ya zo, ɗan kawunmu da ke sayar da motoci a Abuja. Tun muna yara shi da Yaya ba sa haɗuwa a rabu lafiya, shi ɗan namiji ne, mu 'ya'yan mace, saboda haka bayinsa muke komai furfurarmu. Ya zo da wata mota baƙa, ƙirar Jamus, mai ƙofa biyu, cikinta kusan yana shafar ƙasa. Sai da aka sa katako a bakin kwatar layinmu kafin ta shigo. Bayan an gama doguwar gaisuwa, an tambayi iyali da gajiya da jiki, sai ya dubi Yaya a kan tabarma.

"Bawana, an ce mani ka aje aiki ka koma gadin zaure. Nawa aka biyanka?"

"Kai kuma an ce ka sawo kunkuru. Ina za ka aza ko akuya cikin wagga?"

Taubashin ya ce ba don akuya aka yi ta ba, don tashi aka yi ta. Ya ce tana da wani abu da ake kira lonc kwanturol, ya kuma yi mana bayani yana zana ƙasa da makulli. Motar ba ta da kuloci, birki ne da totur kawai. In kana so ta zabura daga tsaye, sai ka bari inji ya yi zafi, ka danna maɓallin tsere, ka miƙe sitiyari. Sai ka take birki da ƙafar hagu iya ƙarfinka, ka take totur da ta dama har ƙasa. Inji zai yi ta gurnani, motar tana tsaye. In na'urarta ta gamsu da yadda ka riƙe birkin, sai wata 'yar tuta ta fito a allon gaba. Daga nan ka cire ƙafar hagu lokaci guda, sauran aikin nata ne, ita za ta auna ƙarfin da taya za ta ɗauka ba tare da ta yi ta juyawa a banza ba.

"In ƙahwa ba ta da ƙarhi hwa?" in ji Yaya, kamar ba da gangan ba.

"Tuta ba ta hitowa. Mota ba ta jin kunyar kowa, ba kamar likita ba. Amma kai bar ta, bawana, linzami ya hi ƙarhin bakin kaza."

Na harari taubashin, don na ga wasan ya wuce gona da iri. Sai ya kashe mini ido. Nan na gane ba da ka ya yi maganar ba, matar Yaya ta riga ta kai masa ƙara ta waya. Washegari da sassafe muka fito muka tarar da Yaya tsaye jikin motar, ya sa takalmi sau ciki.

Taubashin ya ja mu zuwa wata miƙaƙƙiyar kwalta a wajen Birnin Tudu, gonakin shinkafa hagu da dama, kana hango ƙarshenta. Muka tsaya har wani mai amalanke ya wuce, muka tabbatar ba mutum ba dabba. Yaya ya shiga mazaunin direba, taubashi a gefensa, ni na lanƙwashe a baya gwiwata tana taɓa haɓata. Kowa ya ɗaura bel.

Yaya ya daɗe yana kallon ƙafafunsa. Ya ce tun yana yaron mota aka koya masa cewa ƙafar hagu ba ta taɓa birki, wanda ya yi haka rankwashi yake sha. Duk da haka ya ɗaga ta ya aza. Ya yi bisimilla, ya take totur. Inji ya ɗauki ƙara, motar ta fara rarrafawa gaba, allo bai nuna komai ba. Taubashi ya ce wa Yaya ya saki. Na ce a raina shi ke nan, mun kawo mutum har nan don ƙarfe ya gaya masa abin da yake tsoro.

"Na hwaɗa maku," in ji Yaya, ya kai hannu zai kwance bel.

"Tausayin mota kaka ji," in ji taubashi, ba wasa a muryarsa wannan karon. "Birki na, ba kan jariri ba. Jingina bayanka, tura da ɗuwawu, taka kamar kana danne bajimi za a yanka."

Yaya ya gyara zama. Daga inda nake ina ganin jijiyar wuyansa ta tashi. Inji ya sake ɗaukar gurnani, kujera tana rawa a ƙarƙashina, amma motar ko motsi. Sai ga 'yar tutar nan ta fito.

"Saki, saki," in ji taubashi.

Yaya ya saki, amma irin nasa sakin. Ya fara ɗaga ƙafar a hankali, kaɗan-kaɗan, kamar akwai shanu a bayansa alhali ni kaɗai ne. Tuta ta gaji da jira ta ɓace, Yaya ya sassauta totur, motar da aka ce tana tashi kamar an harba ta ta zame gaba lumui kamar ta kai amarya. Taubashi ya yi dariya har yana buga gwiwa, yana cewa hali zanen dutse, an ba bawa doki ya mai da shi jaki.

Ni ban yi dariya ba, ƙafar nake kallo. Na yi shekaru ina zama kusa da shi a babbar mota, na san wannan ɗagawar. Ba rawa, ba tsalle, ba inda ta kuɓuce masa. Na dafa kafaɗarsa.

"Yaya, ka ga abin da kay yi? Kuloci kas saki yanzu. Ƙahwa ta danne da ƙarhi, ta kuma ɗaga sannu. Mi ar rage?"

Bai juyo ba. Ya tsayar da motar, ya sake aza ƙafar a kan birki, ya danna, ya ɗaga a hankali, ya danna, ya ɗaga. Ya yi haka ya fi sau biyar.

Taubashi ya ce a ɗan zagaya motar ta huce, don ba a jera mata wannan aikin. Muka je muka dawo. A karo na uku tuta na fitowa Yaya ya fizge ƙafarsa. Ban san yadda zan kwatanta ba, sai dai in ce wani ya tura ni cikin kujera da hannu biyu, hulata ta koma baya, salatin da na fara bai fito ba. Kafin in haɗiye yawu gonakin sun zama kore ɗaya. Can Yaya ya sauke gudu da kansa, ya gangara gefen hanya ya tsaya tsaf.

Hawaye yana bin gemun Yaya. Ban taɓa ganin kukansa ba, ko ranar da muka kwashe shi zuwa asibiti. Farin ciki ya cika ni har na rasa inda zan sa idona, sai na kama neman hula. Taubashi ya buɗe baki zai yi tsiya, ya fasa, ya leƙa taga yana yaba shinkafar mutane.

Da Yaya ya share fuska, sai ya ce motar banza ce, ba ta da natsuwa, kada a sake kawo masa ita ƙofar gida. Sannan ya dube ni ta madubi.

"Malam, kira direban nan. Ka ce shi kawo mota ran Laraba, bayan kasuwa ta tashi. Ba kaya, ko tunkiya kar shi aza. Mafara zuwa Maradun za ni, in dawo."

Na ce to, ina lalubar waya.

"Kuma ka ɗauki hutu makaranta," in ji shi, ya rage murya. "Har yanzu tsoro nika ji. Ina son ka zamna kusa gare ni."

Tun da aka haife ni Yaya bai taɓa neman komai a wurina ba. Ranar Laraba tun kafin direban ya iso ina ƙofar zaure.